Yaya kuke tantance ɗan haya kafin ku miƙa masa makulli?

Dan_Zango:

Assalamu alaikum jama'a. Masu gidan haya a nan Legas da waɗanda aka bar wa gidan wani a hannu, don Allah ku taimaka min da shawara.

Kawuna yana da ɗan gida a Agege ta wajen Zango, irin tsohon ginin nan mai ɗakuna suna kallon juna, ɗaki 6 a gaba, sai ciki da falo guda 2 da aka ƙara a baya, kowanne da kicin da banɗakinsa. Shi kawu jiki ya ƙi, ya koma Katsina da zama ya bar min gidan, ni nake karɓar kuɗi ina tura masa, kuma da kuɗin nan yake cefane yake sayen maganin hawan jini, ba wani attajiri ba ne mai gidaje goma da in mutum ɗaya bai biya ba ba zai ji a jikinsa ba. Yanzu mai ciki da falo ɗaya ya tashi, mun yi fenti mun canja famfo da ƙofar banɗaki, mun sa N700,000 a shekara. Tunda jirgin ƙasan Red Line ya fara tsayawa a tashar Agege neman ɗaki ya ƙaru a wajenmu, yanzu haka mutum 3 ne suka matsa min.

Na farko matashi ne, ejan ne ya kawo shi, ya zo da mota mai kyau, ko ciniki bai yi ba, ko banɗakin ma bai leƙa ba, ya ce in na yarda zai biya shekara 2 a take. Na tambaye shi sana'a ya ce harkar onlayin yake yi. Ta biyu Bayarabiya ce, nas a wani asibitin kuɗi, da 'ya'yanta 2, ta ce ba ta tare da mijin. Ita kam ta gajiyar da ni da tambaya, ta buɗe famfo ta ga ƙarfin ruwa, ta tambayi mita ta kati ce ko ta haɗaka, ta tambayi ko ruwa yana shigowa tsakar gida da damina, sannan ta roƙi a rage mata dubu 50. Na uku ɗan garinmu ne, yana sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, aminin kawu ne ya kawo shi, ya ce zai ba da na wata 6 yanzu sauran in kasuwa ta buɗe. Shi kawu a waya abin da yake ta cewa kawai ai na gida ne, na gida ba ya cutar ka.

Ni wlh kaina ya ɗaure. Ku da kuka daɗe a harkar, me kuke dubawa? Wace takarda ake karɓa? Kuma in mutum ya shiga ya ƙi biya, fitar da shi yana da wuya kamar yadda ake faɗa?

Alhaji_Oko_Oba:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba kawunka lafiya. Ni ma gida ɗaya gare ni kusa da mayanka, na daɗe ina wannan fama, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada kuɗin shekarar farko ya rufe maka ido. A Legas shekarar farko kowa mutumin kirki ne, don ba mai shiga ɗaki sai ya biya, wani bashi ya ci, wani adashi ya kwasa, wani 'yan uwa ne suka yi masa karo-karo, wani kuma Allah kaɗai ya san inda ya samo. Kai wanda kake nema shi ne wanda zai biya ka baɗi da baɗin baɗaɗa ba tare da ka koma laɓewa a ƙofarsa bayan sallar asuba ba.

Ka taka da ƙafarka ka je gidan da yake son tashi daga ciki. Ban ce ka buga waya ba. Lambar da zai ba ka ya ce ta tsohon lanlodinsa ce, me zai hana ta zama ta abokinsa? Kuma ko lanlodin na gaskiya ne, in ɗan hayar ya ishe shi, yabonsa zai yi ta yi maka don ya samu ya rabu da ƙaya, yana ce maka mutumin kirki ne ba ruwansa, a ransa yana addu'ar Allah ya sa ka ɗauka. Ka gaisa da mai gidan saboda ladabi, amma gaskiyar magana tana wajen mai shagon ƙofar gida da mai shayin bakin layi da ɗan garuwan da yake turo musu kura. Ka sayi lemo ka zauna a benci, ka ce wane ya zo neman ɗaki wajenmu, yaya zamansa a nan? Mai shago ya san wanda yake cin bashin madara da burodi ya biya ƙarshen wata, ya san wanda sai an yi ta bi. Ya san ɗakin da ake dambe da dare, ya san inda baƙin fuska suke shige da fice. Ko bai faɗi komai ba, in ya yi ɗan jim ya ce "to, ka dai bincika," ai ya gama gaya maka.

In ka samu shiga ɗakin da yake ciki ma ya fi. Ka dubi bango, ka dubi banɗaki, ka dubi inda yake ajiye shara. Yadda ka ga wancan haka naka zai koma.

Daga nan sai wurin neman abincinsa, shi ma ba tare da ka sanar da ranar zuwanka ba. Nas ta ce asibiti kaza take, ka je ka tambaya a bakin get ko akwai mai suna haka. Mai tumatir ka je Mile 12 ka ga shin rumfa gare shi ko yaron wani ne, kaya nasa ne ko dillanci yake yi, sun san shi a ƙungiya ko ba su san shi ba. Wanda ba shi da wurin da za ka je ka same shi da rana, to ranar da ya ƙi ɗaga waya ina za ka nufa?

Sai mai tsaya masa. Kada ka karɓi suna da lambar waya a takarda kawai, mutumin ya zo ka gan shi ido da ido, ka san gidansa ko shagonsa, ya sa hannu. Kuma ka zaɓi wanda yake jin kunyar a zo masa da ƙara, irin ubangidansa a kasuwa ko shugaban layinsu ko na gaba da shi a wurin aiki. Liman kada ka sa shi a wannan, Allah ya ƙara masa daraja, shi kowa ya zo zai ce mutumin kirki ne muna ganinsa a sahu, kuma ranar da abu ya ɓaci haƙuri zai ba ka, ba kuɗi ba.

Kuɗi kuma kada ka karɓa a leda. Ya turo daga asusunsa na banki, sunan da ya fito a alat ya zama shi ne a takardar NIN ɗinsa, shi ne kuma a agirimen. In ka ga suna uku daban-daban ka tsaya tukuna.

Maganar na gida da kawunka yake yi, ka yi min afuwa zan faɗi gaskiya tunda mu ya mu ne. Na gida ba lalle ya cuce ka ba, amma shi ne wanda ba ka iya tambayarsa kuɗinka. Ka je da maganar haya ya tare ka da gaisuwar mutanen gida, yaya jikin kawu, an yi ruwa a Katsina kuwa, kafin ka ankara an kawo maka shayi, ka tashi ba ka faɗi abin da ya kawo ka ba. In ka matsa, waya ta tafi gida cewa yaron nan da aka bar wa gida ya fara wulaƙanta mutane. Ga kuma maganar baƙi. Ka ba mutum ɗaya da matarsa, da kaka ta wuce 'yan ci-rani suka sauko sai ka tarar takalma 12 a ƙofar falo, kowa ƙanensa ne, ruwan tanki ba ya kai azahar, sokawe ta cika a wata 8, kuma kai za ka biya motar kwasa. Ban ce ka hana shi ba. Amma in za ka ba shi, duk abin da za ka nema wajen baƙo ka nema a wajensa, har da adadin waɗanda za su kwana a rubuce.

Sadiq_Obalende:

Hhhhh Alhaji maganar liman ɗin nan ta kashe ni wlh, haka take. Ni dai Dan_Zango abu ɗaya zan ce, mutumin da zai biya miliyan 1.4 a ɗakin da ko banɗakinsa bai leƙa ba, toh ba ɗaki yake nema ba, wurin ɓuya yake nema. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Maman_Hanifa:

Salam. Ni ba lauya ba ce amma ina aikin sakatariya a ofishin lauyoyi a Ikeja, kuma rabin takardun da nake bugawa na rigimar mai gida da ɗan haya ne, bari in taɓa ɓangaren doka tunda Baba Alhaji ya gama da ɓangaren bincike.

Da farko shekara 2 ɗin nan da yaron ya ce zai biya, doka ma ta hana. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011, wadda aka sa wa hannu zamanin Fashola, ta ce laifi ne mai gida ya karɓi fiye da kuɗin shekara 1 daga sabon ɗan haya, shi ma ɗan hayar laifi ne ya bayar, hukuncin tarar N100,000 ko ɗaurin wata 3. Na san mutane suna yi kullum ba a kama kowa, amma ranar da kuka je kotu rasit ɗinka da hannunka shi zai zama shaida a kanka. Dokar ta cire Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island, amma Agege tana ciki tsundum. Rasit kuma dole ne, da kwanan wata, da sunanka da nasa, da bayanin ɗakin, da adadin kuɗi, da watannin da kuɗin ya ɗauka. Kada ka ce ai alat ya isa.

Kuma game da shi wannan yaron, ba wai duk mai aikin intanet ne ɗan damfara ba, akwai yara masu rubuta manhaja da masu zane da masu sayar da kaya a Instagram suna cin halal ɗinsu, kuma irin waɗannan in ka ce nuna min aikinka da murna za su buɗe maka kwamfuta, su nuna maka wanda yake biyansu. Wanda ya fara kame-kame shi ne abin tsoro. EFCC ta sha gargaɗin masu gidaje a kan ba 'yan yahoo haya, kuma dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga wanda yake kula da gida ya bari da saninsa ana wannan aiki a ciki. Ka lura, wanda yake kula da gida. Kawu yana Katsina, kai ne a nan.

Yanzu tambayarka ta fitar da mutum. E, yana da wuya, shi ya sa ake wahalar bincike tun farko. In agirimen ɗinku bai faɗi tsawon notis ba, doka ce za ta faɗa: mai biyan wata-wata notis ɗin wata 1, mai biyan wata 3 ko wata 6 notis ɗin wata 3, mai biyan shekara notis ɗin wata 6 cur. In wannan ya ƙare bai tashi ba sai a sake ba shi na kwana 7 cewa za ka je kotu neman gidanka, sannan a shigar da ƙara a kotun majistare, sannan a fara ɗage zama. In aka yi kuskure a notis ɗin lauyansa zai kama wannan ya ja ku. Duk tsawon lokacin nan mutum yana zaune a ɗakinka. Kuma ba ka da ikon cire masa ƙofa ko kwano, ko ka watso kayansa waje, ko ka turo masa 'yan daba, wannan tarar da za ta iya kai N250,000 ce ko ɗaurin wata 6, ga shi kuma ya samu abin da zai kai ka ƙara da shi. Yanke masa ruwa ko wuta don ya gaji ya tashi ma dokar ba ta yarda ba. Mutanenmu da yawa a nan suke faɗawa rami, mai gaskiya ya koma mai laifi saboda zafin zuciya.

Maganin abin yana cikin agirimen. A rubuta shi na ƙayyadadden lokaci, shekara 1 daga ranar kaza zuwa ranar kaza, sabuntawa sai an sake yarjejeniya. Irin wannan in wa'adinsa ya cika ba ka buƙatar notis ɗin wata 6, na kwana 7 kawai za ka bayar. A rubuta adadin mutanen da za su zauna, a rubuta ba zai saka wani ɗan haya a ƙarƙashinsa ba sai da izininka a rubuce, a rubuta wa yake biyan kuɗin PSP, wato kamfanin kwasar shara, da na 'yan sintirin unguwa da gyaran injin ruwa. Kuɗin ajiya na ɓarna kuma ka ba shi rasit daban, ka ɗauki hoton ɗakin lungu-lungu ranar da ka ba da makulli ka tura masa a WhatsApp ya zama ku biyu kuna da shi. Don Allah ka biya lauya ya rubuta maka sau ɗaya, ka daina sayen fom ɗin nan na bakin titi da ake cike gurbi.

Takardu: kwafin NIN, hoto, katin wurin aiki in akwai, katin LASRRA, wato na rajistar mazauna jihar Legas, in yana da shi. BVN ba ruwanka da shi, kada ka tambaya, shi ma in yana da wayo ba zai bayar ba.

Ejan ɗin da ya kawo yaron kuma ka tambaye shi ko yana da rajista da LASRERA, hukumar da jiha ta kafa don masu dillancin gidaje. Ka tuna shi kamashonsa yake nema, da an biya ya tafi, ba shi zai zauna da mutumin ba.

In rigima ta taso kafin kotu akwai Citizens' Mediation Centre ta ma'aikatar shari'a ta jiha, kyauta suke sasanci, kuma rigimar haya ce mafi yawan abin da muke tura musu daga ofishinmu.

Gwauron_Idi_Araba:

Ni ɗan haya ne ba mai gida ba, ku bari mu ma mu ce wani abu tunda a kanmu ake magana.

Duk abin da Alhaji da Hajiya suka faɗa ban musa ba, amma masu gida ku ji tsoron Allah a wajen tantancewar nan, don wani lokaci ba bincike kuke yi ba wariya ce kawai. Wanene a cikinmu nan bai taɓa zuwa neman ɗaki a garin nan ejan ya kalle shi ya ce lanlodi ya ce ba ya son "aboki", wato ɗan Arewa, ba? Ka zo da kuɗinka cas, da sana'arka, da shekara 15 a Legas, a ce maka a'a saboda hularka. Abin yana da ciwo wlh. To in mun samu gida a hannunmu sai mu ma mu juya mu ce ba ma ba Bayarabe, ba ma ba Ibo, ba ma ba gwauro, ba ma ba macen da ba miji? Ni na zauna gidan da magidanci mai mata 2 ya shekara bai biya ba kullum yana cikin farar shadda, mu gwauraye da ake zargi mu muke haɗa kuɗin gyaran famfo.

Kuma ku daina auna mutum da irin sana'arsa kawai, ku duba halinsa in abu ya ɓaci. Lokacin da aka hana acaba a watan Yunin 2022 a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, sannan a Satumba aka ƙara da Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe, yaran unguwarmu da yawa abincinsu ya tsaya cak rana ɗaya. Wasu sun gudu da dare da bashin haya, gaskiya ne. Amma wasu sun je sun samu lanlodi tun kafin wata ya cika suka ce ga halin da ake ciki, ga rabi, a ba mu lokaci, suka koma dako a kasuwa ko Keke suka biya. Mai albashi ma ana korarsa. Don haka tambayar da ya kamata Dan_Zango ya yi wa tsohon mai gida ba "ya taɓa makara?" ba ce, kowa yana makara a ƙasar nan yadda kaya suka yi tsada, ka tambaya "in ya makara shi yake zuwa ya faɗa ko ɓuya yake yi?"

Sannan mu ma muna tantance ku fa. Matar nan da ka ce ta gajiyar da kai da tambaya, ni a wajena ita ce mai niyyar zama. Wanda ya tambayi mita ya san zafin biyan kuɗin wuta. Wanda ya nemi ragi ya yi lissafin albashinsa ya ga inda zai tsaya. Kuma tunda kai ba kai ne mai gidan ba, kada ka ji haushi in ta ce ka nuna mata shaidar cewa kawu ya wakilta ka, don an sha karɓar kuɗin mutum 5 a ɗaki ɗaya a garin nan mai karɓar ya ɓace.

Dan_Zango:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji na bi shawararka. Na ce wa ejan ina son adireshin inda yaron yake zaune yanzu da wanda zai tsaya masa, ya ce zai turo, har yanzu shiru, da na sake kira ya ce ai sun samu wani wuri a Abule Egba. Shikenan wannan ya fita da kansa.

Na je unguwar nas ɗin ta wajen Dopemu. Mai shagon layinsu Bazabarme ne, muka yi Hausa, ya ce shekarunta a gidan da yawa, ba ya binta ko sisi, tashin ma don an sayar da gidan ne sabon mai shi zai rushe. Abu ɗaya ya ce, tana aikin dare wani sati, tana dawowa da sassafe ko ta fita ƙarfe 9 na dare. Mu kuma get ɗinmu ana kullewa ƙarfe 11 kuma makulli ɗaya ne a hannun wani tsoho a ɗakin gaba.

Matsalata yanzu kawu. Yaya zan gaya masa na bar ɗan garinmu na ɗauki wata ba tare da ransa ya ɓaci ba, ga amininsa a tsakiya? Yaya Gwauro maganar wakilci ma gaskiya ce, ba ni da komai a rubuce, da baki kawai ya ce min ka kula da gida.

Maman_Hanifa:

Toh wannan na ƙarshen shi za ka fara gyarawa kafin ka karɓi kuɗin kowa. Kawu ya rubuto takarda da sa hannunsa da shaidu cewa ya wakilta ka ka ba da haya, ka karɓi kuɗi, ka ba da rasit da notis a madadinsa, in da hali lauya ya tsara ta. Ba don 'yan haya kaɗai ba, har don kai, saboda gidan da yake da magada gobe wani zai iya tasowa ya ce ina kuɗin shekara kaza. Agirimen ya fito da sunan kawu a matsayin mai gida, kai wakili. Ka samu littafi guda ka dinga rubuta abin da ya shigo da abin da ka kashe, ko kwan fitila ka saya.

Get kuma ai ba matsala ba ce, ka yanka mata makulli nata, a rubuta cewa in ya ɓata ita za ta canja kwaɗon. Amma ka sanar da sauran 'yan gidan tun yanzu cewa aikin asibiti take, don ka san bakin mutanenmu, mace ba miji tana fita da dare, kafin wata guda an ƙulla mata labari. Mita kuma in ta haɗaka ce ka yi ƙoƙari ka nema wa ɓangaren baya tasu ta kati a Ikeja Electric, don rabon kuɗin wuta tsakanin mai firij da mai fanka ɗaya shi yake haɗa 'yan haya faɗa fiye da komai, kuma ka tabbatar wanda ya tashi bai bar bashi a kan layin ba kafin ta shiga.

Alhaji_Oko_Oba:

Ɗana maganar kawunka ba da kai za ka je masa ba, da lissafi za ka je. Ka ce masa kawu, wannan za ta ba da shekara cif yau, wancan rabi zai bayar, maganinka kuma ba a sayar da shi rabi. Sannan kada ka bar aminin nasa ya ji a bakin wani, ka je har inda yake ka durƙusa ka gaishe shi ka ce Baba ciki da falon ya yi wa wane nauyi a yanzu, amma da ɗaki ya tashi a gaba shi ne na farko. Ka ga ba ka kore shi ba, kuma ɗaki ɗaya shi ne daidai ƙarfin wanda yake biyan wata 6.

In lokacin ya zo kuma ka lura da watan da za ka sa masa biya. Mai tumatir ba kamar mai albashi ba ne. Da rani kaya suna sauka daga Kano da Katsina mota bayan mota, kasuwa tana gudu, kuɗi yana juyawa a hannunsa. Da damina ta kama kaya su yi ƙaranci, kwando ya yi tsada, wani ma a hanya yake ruɓewa, jarinsa kawai yake ƙoƙarin karewa. In ka sa masa biya a Yuni ko Yuli ku duka za ku sha wahala. Ni mahautan da suke gidana bayan Babbar Sallah nake karɓar nawa, da sati ɗaya ko biyu, kafin kuɗin ya tafi gida. Shi naka ka sa masa Fabrairu.